Ba na yi wa baƙo alkawarin kifi

Yaro, tambayarka biyu ce ka haɗa. Ka ce me ya sa in baƙo ya bugo waya yana neman tabbacin zai kama sitilhed, kifin nan da ke zuwa teku ya dawo kogi, nake ce masa babu tabbaci, alhali wani zai ce masa akwai ya ɗauke mana ciniki. Sannan ka ce in ba kifi muke sayarwa ba, to kuɗin me mutum yake biya ya wuni a kwale-kwalenmu sanyi na ratsa shi. Jawo kujera. Ta farkon ba ta da wuya, ta biyun ce sana'ar gaba ɗaya.

Fara da sanin abin da muke bi. Kifin nan a kogunan jihar Aidaho ta Amurka aka ƙyanƙyashe shi. Yakan yi shekara ɗaya zuwa uku a ruwan daɗi, sannan ya gangara tekun Fasifik ya yi ƙiba, ya juyo gida don ya yi ƙwai. Daga bakin teku zuwa garin Lewiston, inda kogin Clearwater ke zubawa cikin kogin Snake, tafiyar kusan kilomita 750 ce, kuma a hanyar akwai madatsun ruwa 8: huɗu a kogin Kolombiya, daga Bonneville zuwa McNary, huɗu a Snake, na ƙarshensu Lower Granite da aka gama a 1975. Kowace sai ya hau matakalar kifi kafin ya wuce. A matakalun nan ake ƙirga su, ana fitar da lissafin kullum, shi ya sa kake ganina da waya a hannu tun kafin asuba. Wanda ya yi shekara ɗaya a teku yakan dawo da kilo 2 ko 3. Namu na Clearwater da mutane ke tsallako jihohi dominsa yawanci shekara biyu yake yi, ya dawo da kilo 5 ko 6, wani ma ya haura 9.

To ga inda maganar take. Tunda ya shigo ruwan daɗi, cin abinci ya daina zama damuwarsa. Da kitsen da ya tara a teku yake rayuwa har watannin bazara da zai yi ƙwai. Giwan ruwa ko tarwaɗa a kogunan gida yunwa ce ke kawo su bakin ƙugiya, ka sa abin da suke so ka jira. Wannan in ya kai wa abu cafka, yawanci haushi ne, ko abin ya tsaya masa a fuska ya ƙi kaucewa, ko wata tsohuwar ɗabi'ar ƙuruciya ta motsa. Ta yaya zan yi alkawari a kan fushin dabbar da ba ta jin yunwa?

Kuma ko zuwansa ba a hannuna yake ba. Tun 1997 gwamnatin tarayya ta sa sitilhed haifaffun kogin Snake da rassansa cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. A ƙarshen Satumbar 2019 hukumar kifi da namun daji ta Aidaho ta rufe kamun sitilhed a Clearwater ɗungurungum, saboda manyan da suka dawo ba su kai yadda gidan ƙyanƙyasa zai sami isassun iyaye ba, ba a sake buɗewa ba sai farkon 2020. Wanda ya karɓi kuɗin mutane tun rani ya ce musu kifi na nan jibge, da wane baki ya yi musu bayani? Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan ba a kaina zan ɗauka ba.

Yanzu kuɗin me ake biya. Ka ɗauki baƙo biyu, ɗaya ya zo shi kaɗai, ɗaya yana cikin jirgina, dukansu sun yi awa takwas a kogi. Na farkon ƙugiyarsa za ta yi yawancin wunin a ruwan da kifi bai taɓa kwanciya ba, ko tana tafe da gudun da ba zai kula ta ba, ko ta maƙale a dutse yana fama da ɗaurin sabuwa da yatsun da suka sandare. Nawa kuwa, in na yi aikina, ƙugiyarsa tana gaban hancin kifi kusan duk lokacin da take cikin ruwa. Abin da nake sayarwa ke nan, kuma shi zan iya rantsuwa a kansa.

Kifin nan fatake ne, ba mazaunin gari ba. Tafiya yake yi yana yada zango, kuma zangon ba ya canzawa sosai: inda na bana ya huta, nan na baɗi zai huta, muddin ambaliya ba ta sauya ƙasan kogin ba. Nemi ruwan da ke tafiya daidai da saurin mutum mai tafiyar ƙasa ba tare da gaggawa ba, zurfinsa daga mita 1 zuwa 2 da ɗoriya, ƙasansa duwatsu masu girman kai zuwa girman tulu. Duba layin da ruwa mai gudu ke gogar ruwa mai sanyin jiki, za ka ga kumfa ta jeru a kansa. Duba wutsiyar gurbi, inda ruwa ke yin faɗi ya yi santsi kafin ya faɗa gangara ta gaba, domin wanda ya gama hawo gangarar nan yake tsayawa ya huce. Gaban babban dutse ma yana riƙe kifi, ba bayansa kaɗai ba, abin da sababbi ke mantawa. Gurbi mai zurfi da ruwansa ke juyawa yana da kyan gani, baƙi na son a tsaya a wurin, amma sai tsakiyar hunturu nake ba shi lokaci.

Zangon kuma yana matsawa da yanayin ruwan. In sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 4 ko 5 a ma'aunin Salshiyas, kifin ya yi nauyi, ya koma ruwa mai zurfi mai tafiya a hankali, ba zai matsa ko taku ɗaya don ƙugiyarka ba, sai ka kai masa har baki. A irin ranar nan ba na gaggawar fita da duhu, tsakar rana ta fi. In ruwa ya haura digiri 20 kuwa, ko ka sake shi yana iya mutuwa, gara a bar shi. Mu a nan muna da wani abu da madatsar Dworshak ta jawo. Ita ce ta toshe reshen arewa na Clearwater tun farkon shekarun 1970, ta raba manyan kifin da mahaifarsu, shi ya sa aka gina gidan ƙyanƙyasar da ke Ahsahka kusa da Orofino. Amma da rani ana sako ruwan ƙasanta mai sanyi don a sanyaya Snake, sai kifin da ma ba nan za su ba su ratso ƙasan Clearwater su sha iska. Wanda ya san haka ya san inda zai kai baƙonsa a watan Agusta. Bayan ruwan sama kuma, kada ka fita kogi na hawa yana ja. Jira ya fara sauka, launinsa ya koma kore, kana hango dutse a zurfin kamar mita ɗaya.

Sanin wurin rabin aiki ne. Sauran yana hannunka, a kan filafilai. Jirgin nan namu mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da baki biyu a ɗage, a kogin McKenzie na Oregon aka ƙirƙiro irinsa, kuma an yi shi ne don matuƙi ya fuskanci inda ruwa ke tafiya yana ja da baya. Ba tura jirgi kake yi ba, rage masa gudu kake yi. Na lura in ka ga dutse kana ƙoƙarin tserewa ta gabansa. Kada ka ƙara. Nuna masa hancin jirgin, ka ja baya ka kauce.

In muna aiki da kifin roba mai rawa, wanda ke nutsewa da kansa in ruwa ya buge shi, a nan ake gane matuƙi. Za ka sa baƙi su saki zare tsawo ɗaya, kamar mita 12 zuwa 15 gaban jirgi, kowa daidai da ɗan'uwansa, don robobin su jeru su zama katanga. Sai ka riƙe jirgin yana zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, ƙasa da gudun ruwan. Kifin da ke kwance zai ga abu na matso shi, ya ja baya, ya sake ja baya, har ya kai wutsiyar gurbi inda ba sauran wurin ja. Nan yake kai duka. Shi ya sa nake maka faɗa in ka ɗaga filafilai kafin mu gama gurbi: ka yi wahalar kora shi har lungu, sannan ka tafi ka bar shi. Idonka na kan bakin sandunan. In bakin sanda ya daina karkarwa, ganye ya kama robar, a jawo a cire, don roba mai ganye daidai take da babu. In kuwa ƙwan kifi ko jatan lande muke gangarawa a gefen jirgi, dokar ta juye, jirgin ne zai bi gudun abincin daidai wa daida, kada ya ja shi, kada ya bar shi a baya.

Baƙo kansa ma aiki ne. Yawancinsu da sanda ta motsa sai su fizga, su zare ƙugiya daga bakin kifin. Tun a bakin gaɓa nake gaya musu: kada ka taɓa sandar sai ta lanƙwashe ta zauna a lanƙwashe zare na fita. Duk da haka za su fizga. Kada ka nuna ɓacin rai, mutum ya yi wata shida yana mafarkin wannan daƙiƙar. Masu kamu da ƙudan gashi, wato ƙugiyar da aka ɗaura wa gashi ta yi kama da ƙwaro, da doguwar sanda ta hannu biyu, irin wadda ta samo asali daga kogin Spey na Sikotilan, su nasu ciwon daban ne. Suna son shiga ruwa har ƙugu su yi jifa can tsallake, alhali da sassafe kifin na kusa da gaɓa, wani lokaci a daidai inda suka tsaya. Sa shi ya fara da gajeren jifa, bayan kowane jifa ya yi taku biyu ƙasa. Wanda ya kafe a wuri ɗaya kifi ɗaya yake roƙo, in ma akwai shi. Su waɗannan sun san da wuya suke kamawa, sun kuma zaɓi haka, ni ina girmama su, ko da yake ba su ne ke cika mana aljihu ba.

Akwai kuma kifin da za a kama amma ba za a tafi da shi ba, wannan ma dalili ne na ƙin alkawari. Kafin ka ɗaga raga, duba bayansa, tsakanin babban fiffiken baya da wutsiya. Akwai wani ɗan fiffike mai tsoka. In an yanke shi wurin ya warke, ɗan gidan ƙyanƙyasa ne, ana iya ɗauka in lokacin ɗauka ne, a rubuta shi a katin izinin kamun baƙo nan take. In fiffiken na nan, haifaffen kogi ake ɗaukarsa, sakinsa za a yi, babu ciniki. Bar shi cikin ruwa a ragar roba, jiƙa hannunka, kada yatsa ya shiga inda yake numfashi, zare ƙugiyar, ka riƙe shi yana fuskantar ruwa har ya fizge da kansa. Don wannan ne doka ta ce a matse ƙayar ƙugiya, kuma ni nake duba ta kowa da kaina. A jihar Washinton ma haramun ne ka fitar da haifaffen kogi daga ruwa gaba ɗaya. Baƙo zai roƙe ka a ɗaga a yi hoto a cikin jirgi. Ce masa ya durƙuso gefe a ɗauka a nan. Lasisinka a ƙarƙashin nawa yake, haka tsarin Aidaho yake, laifinka ni za a tambaya. Ranakun buɗewa da adadin da aka yarda a ɗauka kuwa suna canzawa, har a tsakiyar kaka, don haka kada ka dogara da abin da ka haddace bara. In ka ga 'yan ƙabilar Nez Perce suna kamunsu, ba su wuri. Haƙƙinsu na rubuce tun yarjejeniyar 1855, kuma wani dogon yanki na kogin nan cikin ƙasarsu yake ratsawa.

Abu ɗaya da nake yi wa alkawari da baki cike shi ne zan mayar da mutum wurin motarsa. Ruwan Disamba ba ya ba ka lokacin tunani, numfashinka yake fara ƙwacewa kafin ka tuna ka iya iyo. Rigar kariya a jiki take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba. Mai wandon shiga ruwa ya ɗaure bel ɗinsa tam. Kada ka taɓa sakin anga a ruwa mai ƙarfi, in ta maƙale gindin jirgin za ta ja ƙasa, kuma kada ka ƙulla ƙarshen igiyarta, gara ta zare ta tafi mu sayi wata. Busassun kaya da shayi mai zafi suna cikin akwati kullum, kai ne mai duba su daga yau.

In waya ta shigo ba na nan, ga abin da za ka ce. Gaya masa yawan kifin da suka haye Lower Granite a makon, da yadda ruwa yake, da abin da jirginmu ya yi a 'yan kwanakin nan, har da ranakun da muka dawo hannu rabbana. Gaya masa in kogi ya ɓaci za mu kira shi tun kafin ya taso mu sauya masa rana, kuɗin ajiyarsa na nan. In ya ce shi dai tabbaci yake so, ba shi haƙuri, ka ce akwai tafkunan da ake zuba kifi, can ya fi dacewa da shi. Kada ka zagi wanda ya yi masa alkawarin, kada kuma ka rage farashi don ka riƙe shi.

Gobe ba mu da baƙi. Za mu sa jirgi a ƙasan Orofino, kai ne a kan filafilai daga farko har ƙarshe, ni ina gaba da sanda biyu. Duk gurbin da muka zo, kafin mu shiga za ka nuna min da hannu inda kake zaton yana kwance, ka faɗi dalili. Ka zo da safar hannu ta biyu, ta farkon za ta jiƙe kafin hantsi.