Na jona makirufo a kwamfuta amma murya ba ta fita: tambayoyinku da amsoshi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karanta littattafan Hausa ina ɗorawa a YouTube. Na sayi makirufo BM-800, na jona shi a laftof ɗina, amma muryar ƙasa-ƙasa take fita kamar daga cikin rijiya, wani lokacin ma shiru. Ko jabu aka sayar mini? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin ki koma wurin mai shago da faɗa, ɗauki kan igiyar da kike sokawa a kwamfutar ki ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen. In biyu ne, wannan kan an yi shi ne don tsofaffin kwamfutocin tebur masu rami biyu: ruwan hoda na makirufo, kore na abin saurare. Yawancin laftof na yanzu rami ɗaya gare su da ya haɗa aikin biyun, kuma mai zobe uku yake nema, irin na iyafis ɗin waya. In kika soka mai zobe biyu, kwamfutar sai ta ɗauka abin saurare kika saka, ta ci gaba da naɗa da ƙaramin makirufon da ke jikinta kusa da kyamara. Wannan muryar rijiyar da kike ji, akwai yiwuwar daga can take fitowa. Gwajin mai sauƙi ne: fara naɗi, ki ɗan ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, sannan ki ƙwanƙwasa gefen kyamarar, ki ga wanne ya motsa layin sautin.

Maganin wannan shi ne 'yar igiya mai raba ramin gida biyu, ko ƙaramin katin sauti na USB mai girman filas.

Matsala ta biyu ita ce wuta. BM-800 na cikin makirufon da ake kira kondensa, ba ya aiki sai an ba shi wuta. Ramin laftof 'yar kaɗan yake bayarwa, ba ta wuce bolt 5 ba, shi ya sa ko ya yi aiki muryar ba ta da ƙarfi. Kondensa na sosai bolt 48 yake sha, ta igiyar XLR mai ƙafa uku, daga akwatin da ke shiga tsakanin makirufo da kwamfuta, irin su Behringer UM2 ko Focusrite Scarlett Solo. Akwai maɓalli a jikinsu da aka rubuta 48V. Ki fara jona igiyar, sannan ki danna shi. In da kin tambaye ni kafin ki kashe kuɗinki, da na ce ki nemi na USB kai tsaye kamar Samson Q2U: soka shi kawai za ki yi, kuma ba ya kwaso kukan zakaran maƙwabta kamar kondensa.

Tambaya: Malam, kwamfutata Windows 11 ce. Ta nuna ta ga makirufon, amma Audacity, manhajar da nake naɗar sauti da ita, ba ya naɗar komai. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Shiga saitin, ka je Privacy & security, ka danna Microphone, ka kunna izinin da aka ba manhajojin kwamfuta. Sannan ka rufe Audacity ka sake buɗewa da makirufon a jone, ka zaɓe shi da sunansa a cikin Audio Setup. In ka jona bayan ka riga ka buɗe manhajar, ba lallai ta gan shi ba.

Tambaya: Muna naɗar karatun yara a Islamiyyarmu, amma kullum akwai wani gurnani "zzzz" a ƙarƙashin muryar. Daga wani malami a Kumasi.

Amsa: Allah Ya saka da alheri, Malam. Ka cire cajar laftof ɗin ka naɗa da batir. Ni ma na taɓa kwana biyu ina zargin makirufona, har na canja igiya, ashe wata caja ce mai arha da na saya a bakin titi. Ina zare ta gurnanin ya ɗauke ɗif. Wutar gidajenmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce ke kutsowa cikin sauti in soket ba shi da wayar ƙasa, wato earth, ko igiyar makirufo ta kwanta kan ta wuta. Da janareto abin ya fi muni. Ka raba igiyoyin biyu, ka kashe fanka ko da ana zafi.

Ragowar ƙarar kuwa Audacity na iya rage ta. Ka bar daƙiƙa 5 na shiru a farkon naɗin, ka zaɓi wurin, ka nuna wa Noise Reduction, wato sashen rage ƙara na manhajar, cewa ga ƙarar nan, sannan ka bi da shi kan karatun duka. Kada ka matsa shi da yawa, in ba haka ba muryar yaran za ta koma kamar ta cikin gwangwani, makharijin haruffa su lalace.

Ɗaki kuma yana da nasa laifin. Aji mai tayil da bango tsirara amsa-kuwwa yake yi, komai tsadar makirufo. Ku koma ɗaki mai darduma da labule, ko ku jingina katifa a bayan mai karatu, yaron ya zauna taƙi ɗaya daga makirufon, a ɗan karkatar da shi gefen baki don kada iskar "ba" da "fa" ta riƙa bugunsa.