Amsa ga ɗana kan akori-kurar marigayi

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Hajiya da ƙannenka. Saƙonka ya iso, tare da hotunan motocin Amurka da ka haɗo, waɗanda cikinsu ke shafar kwalta. Ka ce kana so ka cire sifirin na akori-kurar marigayi Yaya, Peugeot 504 ɗin nan, ka sa mata jakunkunan iska yadda za ta durƙusa ta miƙe da danna maɓalli, sai wani cikin 'yan majalisar ƙofar gida ya ce maka ba a taɓa kayan mamaci, al'ada ta hana. Kana tambaya ko haka ne, in kuma ba haka ba ne, wane irin kaya ya kamata ka saya.

Wanda ya faɗa maka haka ƙarshen magana ya tsinta. Babu inda addini ko al'adarmu ta Zangon Kumasi ta ce mota ta zama abin tsarki don mai ita ya rasu. Dukiya ce, ana sayar da ita, ana canza mata inji, ana sake mata fenti. Abin da aka hana shi ne mutum ɗaya ya sa hannu a dukiyar da ba a raba ba, kuma har yau ba a raba gadon babanka ba. Makullin yana aljihunka ne don kai ne babba kuma kai ka iya tuƙi.

Ga lissafin. Iyayenmu sun riga shi tafiya, mata ɗaya ya bari da ku biyar, maza biyu, mata uku. Bayan an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi, Hajiya tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Sauran bakwai ɗin, kai biyu, ƙanenka biyu, 'yan'uwanka mata ɗaya-ɗaya. Ka ga ke nan a tayoyi huɗun da motar ke tsaye a kai, ɗaya ce taka. Ni kuwa ba ni da ko fesuwa, ƙwandalar Ghana, a ciki tunda ya bar 'ya'ya maza, saboda haka ba wani abu nake karewa ba. Da Asantawa ne mu a gargajiyarsu ta dā, da ɗan 'yar'uwarsa ne ma zai zo ya karɓi makullin, don su gado ta wajen uwa yake bi, abin da ya sa gwamnatin soja ta PNDC a Ghana ta yi dokar gado ta 111 a 1985 don mata da 'ya'ya su daina tashi a tutar babu. Mu dai gaban malam muke zuwa.

Yadda ake bi, ka fara da Hajiya, ku biyu, ba a gaban yara ba. Kada ka buɗe mata hotuna a waya, ka gaya mata da baki abin da za a yanke da abin da ba zai koma yadda yake ba. In ta ce "to" tana kallon ƙasa, ba ta yarda ba, kunyar ɗan fari ce ta hana ta musa maka. Ka dawo bayan kwana biyu, ko ka turo ni. Ƙannenka biyu da ke gidan aure ka taka har ɗakunansu da ɗan goronka, kada ka aika saƙon murya. Auta kuwa ba ta balaga ba, ko ta ce ta yafe maka ba a karɓa, dukiyar marainiya ce, kuma ka san abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan masu cin ta. Hanya mafi tsabta ita ce a kira mutum biyu da suka san farashin tsofaffin motoci su yi mata kuɗi, a sa ta cikin rabonka, in ta haura ka cika wa sauran. Daga ranar, ko jirgin ruwa ka ga damar mayar da ita, babu mai tuhumarka a shari'a.

Amma akwai wani haƙƙin da malam ba ya rubutawa a takardar rabo. Motar nan ta unguwa ce tun babanka na da rai. Ita ke kwaso kujeru da rumfa ranar suna, ita ke kai kayan ɗakin amarya, ita ke shigo da raguna ana jibi Babbar Sallah, kuma in an yi rasuwa a layinku kafin motar masallaci ta samu, ita ake ɗora wa makara zuwa maƙabartar Tafo. Bai taɓa karɓar ko kuɗin mai a kan wannan na ƙarshen ba. Babu wanda zai tilasta maka ka ci gaba, sai dai ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa da asuba ka ce motar ba ta ɗaukar kaya yanzu, za a ce maka ba komai, a juya, kuma za a daɗe ana tunawa. Wannan ka sa shi a ma'auni tun kafin ka kashe sidi ɗaya.

Batun canza wa mota halitta kuwa, ai mu 'yan Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ba mu da bakin hana kowa. Abincinmu ke nan. Tun zamanin motocin Bedford, shasi da inji kawai ake kawowa, kafinta ya gina bodin katako a kai. Mun cire injin fetur mun dasa na dizal, mun ƙara wa sifirin ganye biyu ko uku don mota ta iya doyar Techiman da buhunan gawayi. Bambancin kawai, mu ɗagawa muke yi, ku saukewa kuke so. Ban ce namu ya fi naku hankali ba, na dai ce hanya ce ta koya mana. Ita 504 ta fito a 1968, aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, a shekarar kuma ta ci gasar Safari ta Kenya. Abin da ya sa Afirka ta rungume ta shi ne tsayinta daga ƙasa da yadda ƙafarta ke shanye rami. Abin da kake shirin cirewa ke nan.

Yanzu ga aikin kansa, don kada wani ya ruɗe ka da cewa ɗaurawa kawai ake yi. Motocin da ka turo hotunansu yawanci Chevrolet C10 ne da Ford F-100. Su ake ƙera wa kaya a shirye, kamfanoni irin su RideTech, an auna komai an huda ramukan kusoshi. C10 ta shekarun 1960 ma da sauƙinta ta zo, don bayanta sifirin mai naɗi ne a kan dogayen hannuwa biyu, ka zare naɗin ka zaunar da jaka a gurbinsa. Taka ba haka take ba. Bayanta sifirin mai ganye ne, shi kuwa aiki biyu yake yi: yana ɗauke da nauyi, yana kuma riƙe aksil, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, kada ya yi gaba, ko baya, ko gefe. Jakar iska nauyi kaɗai ta sani. Ka cire ganyen, dole a ƙera hannuwa huɗu na ƙarfe su riƙe aksil, da sanda ta biyar a gicciye ta hana shi zamewa gefe, sai fa in an karkata na saman su yi wannan aikin. A nan ake gane mai walda. In ya kuskure kusurwar da farfela, sandar da ke kai juyin inji baya, ke shiga aksil, motar za ta riƙa kakkarwa a kan gudu tana cinye kuros, wato mahaɗar farfela, ɗaya bayan ɗaya. In hannun dama ya fi na hagu tsawo da ɗan yatsa, za ta yi tafiyar kaguwa, tayoyi su cinye ta gefe guda.

Sannan ko an yi wannan duka, ba za ta kwanta kamar na hoton ba, don aksil zai bugi shasi tun da sauran tazara. Sai an yanke shasin a saman aksil an yi masa baka, an kuma huda ƙasan bodin baya ko an ɗaga shi. Ka tsaya nan ka duba da idon zuci: tudun ƙarfe ya ratsa tsakiyar bodi, tankin iska na galan biyar da kwamfiresa biyu sun cinye gaba. Ina makara za ta kwanta? Ina gadon amarya zai shiga? Kuma shasin da ya haura shekara talatin yana shan damina biyu a shekara a Kumasi, sai an ƙwanƙwasa shi da guduma tukuna a ji ko tsatsa ta bar abin da walda za ta kama. Komai a cikin aikin nan ana iya kwancewa a mayar, ban da wannan yankan.

Gaba ma ba a kyauta yake ba, don sifirin da shokozoba a haɗe suke a sanda guda, sai ka samo mai jaka a jiki wanda tsawonsa ya dace, ko a gyara mazauninsa.

In duk da haka ka ce sai iska, to ga abin da ba a yin rowa a kansa. Kowace taya da bawul ɗinta. Masu neman sauƙi suna haɗa dama da hagu a tiyo ɗaya, in ka shiga kwana iska ta gudu daga jakar da aka danne ta koma ɗayar, motar ta ƙara kwantawa, kuma a shataletalen Suame za ka fara jin haka. Tiyo ka sayi irin na birkin tirela, yana nan a Magazin, a bi da shi nesa da salansa, a sa masa roba duk inda ya ratsa ƙarfe. A sa matarar ruwa tsakanin kwamfiresa da tanki, kana zubarwa a kai a kai, don iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, ruwan da ya taru kuwa shi ke kashe bawul. Tankin yana aiki ne a kan awon ƙarfin iska (psi) 150 zuwa 200, kwamfiresa kowanne yana jan wuta sosai, tsohuwar altanetarka ba lallai ta ɗauka ba, a lissafa da ita da waya mai kauri da fis. Na'urar sarrafawa iri biyu ce, mai auna ƙarfin iska da mai auna tsayin mota. Ga motar da ke ɗaukar kaya ta biyun ce daidai, don ta farkon in ka loda buhu goma za ta ba ka awon jiya, motar kuwa ta zauna. Shokozoba yana nan, jaka ba ta maye gurbinsa. In akwai bawul ɗin nan mai raba ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyi, a sake saita shi, in ba haka ba zai ɗauka kullum a lode take. In an gama a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu a nemi kumfa.

Gwajin da na fi damuwa da shi kuwa shi ne a saki iskar duka a cikin gareji, a tura motar da hannu, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu. In taya ta goga madigadi, ko wani abu ya taɓa ƙasa, aikin bai yi ba. Wata rana jaka za ta fashe ko tiyo ya tsinke, wataƙila tsakanin Techiman da Kintampo da dare, kuma dole motar ta iya rarrafawa zuwa gari a haka. Ka kuma je ofishin DVLA ka yi tambaya kafin a kunna wutar yanka, ba bayan an gama ba, tunda su ke duba lafiyar mota su ba da takarda. Lambar shasi kada wuta ta kusance ta. Masu inshora ma a gaya musu.

Ni dai ga abin da zan yi da a hannuna take. A bar ganyen a wurinsa. A fara zare ƙarin ganyen da babanka ya sa saboda kayan Techiman, wannan kaɗai zai sauke bayan ya kuma tausasa ta. In aksil a saman sifirin yake zaune, a sa ɗan tubalin ƙarfe tsakaninsu da sababbin kusoshi masu lanƙwasa, inci biyu ya isa. In a ƙasa yake, a kai ganyen wurin masu sifirin su rage masa lanƙwasa. Sai a ɗora ƙananan jakunkunan taimako tsakanin aksil da shasi, irin waɗanda ake hurawa ta bawul kamar taya. Su ba sa sauke mota, ɗaga ta suke yi in an loda. Ranar yawo ka rage iska ta zauna daidai, ranar kaya ka ƙara. Ba za ta shafi kwalta ba, abokanka ba za su yi ihu ba, amma za ta haye tudun rage gudu da gadar kwatar ƙofar gidanku, ta kuma bi ta Aboabo bayan an ɗauke ruwa. Duk abin da aka cire a ɗaure shi da waya a ajiye a ɗakin kaya. In kuma zuciyarka ta nace sai mai kwanciya ƙasa, gangar jikin tsofaffin akori-kura ba ta ƙarewa a Magazin, ka sayi wadda ba ta da magada ka yanka yadda kake so, ni da kaina zan nuna maka mai waldar da zan yarda da hannunsa.

Fenti ka sake duk launin da ya yi maka, sai dai rubutun ƙofar baya, "Allah Ba Mu Lafiya", Hajiya ce ta zaɓe shi, ita za ka tambaya kafin a shafe.

Ka kawo motar ranar Asabar da hantsi mu ɗaga ta a kan jak mu ga cikin shasin, ka taho da takardunta. In ka yi magana da Hajiya kafin nan, sai mu wuce wurin malam bayan la'asar a sa ranar rabo. Ka gaishe ta, ka gaida ƙannenka.

Baffanka.