Me ya sa aka sallami wanda ya harbe Trayvon Martin?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda mutum zai amsa da bakinsa cewa shi ya harbe yaro, amma kotu ta wanke shi. Wannan shari'a har yau tana ci mini rai.

A daren 26 ga Fabrairu 2012, a garin Sanford na jihar Florida a Amurka, Trayvon, baƙar fata ɗan shekara 17, yana dawowa daga kanti da alewar Skittles da gwangwanin lemo. George Zimmerman, ɗan sintirin unguwa, ya kira 'yan sanda ya ce bai yarda da take-takensa ba. Aka ce masa ba a buƙatar ya bi shi. Daga baya suka yi kokawa, ya harbe shi a ƙirji.

Tun 2005 dokar Florida ta ce wanda ya ji rayuwarsa na cikin haɗari ba dole ya ja da baya ba kafin ya kare kansa. Lauyoyin Zimmerman sun nuna hancinsa da ƙeyarsa jina-jina, suka ce yaron ne ya danne shi. Nauyin ƙaryata hakan yana wuyan masu gabatar da ƙara, kuma wanda zai musa yana kabari. Mata shida masu taya alƙali hukunci suka wanke shi ranar 13 ga Yuli 2013.

Masu goyon bayansa sun ce an bi doka. Ni abin da ya tsaya mini a wuya: yaron da ya ga baƙo na bin sa cikin duhu, shi ba shi da haƙƙin jin tsoro?