Tushen 27 ya ba ni 9, ina na kuskure?

Tambaya: Malam, ni makaho ne, ina karatu a Gombe, da BrailleNote, na'urar rubutu da karatu ta makafi, nake aikin lissafi. Sukwaya rut, wato tushe na biyu, ba ya ba ni wuya, amma da na nemi tushe na uku na 27 sai na'urar ta rubuto mini 9 a ƙarƙashin yatsuna, alhali malaminmu ya ce 3 ne. Ko ta lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kalkuletarka lafiya lau take, abin da ka ba ta shi ta lissafa. Na san hanyar da ka bi: ka ɗaga 27 zuwa fawa 1 bisa 3. Dabarar daidai ce, domin kowane tushe ana samunsa ta haka, na biyu da 1/2, na huɗu da 1/4. Baka biyun da ya kamata su kewaye 1/3 ne ka manta. In babu su, na'urar za ta fara da fawa: 27 a fawa 1 ya zauna 27, sannan ta raba da 3, ga 9 ɗinka. Rubuta 27, alamar fawa, buɗe baka, 1/3, rufe baka. Za ka taɓa 3. Sai ka tabbatar da kanka: 3 sau 3 sau 3 ai 27 ne. Gwada 16 da 1/4, ya kamata ka ga 2.

Akwai wani ramin da ɗalibai ke yawan faɗawa. Rubutun lissafi na makafi ba iri ɗaya ba ne. A tsarin Nemeth na Amurka, ɗigo 3-4-5 ke buɗe tushe, 1-2-4-5-6 ya rufe, kuma lambobinsa a ƙasan gidan ɗigo shida suke zama. A UEB kuwa, wato haɗaɗɗen tsarin rubutun makafi na Turanci wanda Najeriya ta karɓa, 1-4-6 ke buɗewa, 3-4-6 ya rufe. In na'urar na kan ɗaya kai kana buga ɗaya, sai dai ku yi ta jan zare. In na'urar ta hannu ce, tana iya isowa da saitin mai ita na farko, don haka leƙa saitin kalkuletar kafin ranar jarrabawa.

Lambar da ke ƙasa da sifili kuma, kamar -8, kalkuletoci da yawa kan ƙi ta a wannan hanyar. Nemi tushe na uku na 8 tukuna, ka mayar wa amsar alamar ragi, ka samu -2. Wannan a tushe na uku ko na biyar yake aiki, ban da na biyu da na huɗu.