Inna Tana Jos Ita Kaɗai: Kyamara Zan Sa Mata, Ko Me?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Abuja, mahaifiyata kuma tana Unguwar Rogo a Jos ita kaɗai tun bayan rasuwar Baba. Na yi na yi ta dawo wurina, ta ce ba za ta bar ɗakinta ba. Ta haura shekara 70. Wace kyamara zan sa mata in riƙa ganinta ta wayata? Daga wata 'yar'uwa a Kubwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya. Hajiya, da ni ne ke, kyamara ba za ta zama farkon abin da zan saya ba.

Babban abin da ake jiye wa tsoho shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Sau da yawa ba faɗuwar ce ta fi illa ba, daɗewar da mutum zai yi a ƙasa ba wanda ya sani ce. To, kyamara tana amfani ne lokacin da kike kallo. Ƙarfe huɗu na asuba da Inna za ta fita kama ruwa, ke kina barci, banɗakin da santsi ya fi kayar da mutane kuwa ba wanda zai kafa kyamara a cikinsa.

Ki fara da ƙaramar waya mai madannai, irin su Nokia 105 ko itel. Tana kwanaki ba caji, kuma yatsun tsoho sun fi gane madanni a kan gilashin da ake shafawa. Ki saita mata kiran sauri: in ta danne 2 ta riƙe, wayar ta kira maƙwabcin da kuka amince da shi, 3 kuma ta kira ki. Da gangan na sa maƙwabci a gaba. Daga Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga tafiyar awa huɗu ce ko fiye, shi kuwa katanga ce kawai tsakaninsu. Ki je da kanki ki roƙe shi wannan alfarma, ki bar masa makulli, domin tsofaffinmu kan sa sakata ta ciki. Ki ɗinka wa wayar 'yar jaka mai igiya ta rataya a wuya, saboda wayar da ke ƙarƙashin matashin kai ba ta da amfani ga wanda ya faɗi a tsakar gida. Sannan ki sayi fitilu masu caji da ke kunna kansu in sun ji motsi, ki jera su daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki.

In bayan wannan har yanzu kina son kyamara, ki fara neman izinin Inna. Gidanta ne, tana zama ba mayafi, ƙawayenta ma suna shigowa su saki jiki. In ta yarda, a sa ta kallon ƙofar shiga ko zaure, ba ɗakin kwana ba. Kyamarorin Tapo da Ezviz suna da manhajar waya mai sauƙi, suna kuma ajiye hoto a katin memori. Sai dai dole a haɗa da akwatin intanet mai data da batirin da zai riƙe su in an ɗauke wuta. Ki canza kalmar sirri tun ranar farko, kada ki bar wadda mai kafawa ya sa, don kada wani can ya riƙa leƙen gidan mahaifiyarki.

Tambaya: An ce akwai agogon da ke gane in mutum ya faɗi. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne. Apple Watch yana da wannan tun samfurin Series 4 na 2018, wasu agogunan Samsung ma suna da shi. In ya ji faɗuwa mai ƙarfi, mai shi kuma bai motsa ba, sai ya nemi agaji ya sanar da dangi. Amma ba kowace faɗuwa yake ganewa ba, yana son caji kusan kullum, kuma yawanci sai da babbar waya a kusa. Dattijon da zai cire shi wajen alwala ya manta a kan taga bai ci moriyar kuɗin ba. In dattijon ya riga ya saba da wayar Android, a kunna masa Emergency SOS, wanda ya zo tun Android 12: danna madannin kunnawa sau biyar a jere yana kiran lambar da aka saita. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kiranta kyauta ne.

Tambaya: Malam, Babana yana Bukuru. Da sanyi ya shigo yakan kwana da kaskon gawayi a ɗaki, ƙofa da taga a rufe. Akwai na'urar da za ta taimaka?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambaya ta fi sauran tayar mini da hankali. Sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, garin yana kan tsauni mai tsayin wajen mita 1,200, don haka ban ga laifin Baba da neman ɗumi ba. Amma gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri, mai barci kuwa yana iya zarcewa. Haka hayaƙin janareto yake in an tayar da shi a zaure ko jikin taga.

Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan iska. Ka tabbatar an rubuta CO (wato kabon monoksaid) a jikinta, domin mai gano hayaƙi daban ce, mai gano yoyon iskar girki ma daban ce (ita ana kafa ta ƙasa-ƙasa, saboda iskar tukunyar gas ta fi ta sarari nauyi). Tana da ranar daina aiki a bayanta, ka duba kafin ka biya. Ka kuma danna madannin gwaji Baba yana wurin, ka ga ko kunnensa yana kama ƙarar. Duk da haka na'urar faɗakarwa kawai take yi. Ka lallaɓa shi a fitar da kasko kafin a kwanta, ka aika masa bargo mai kauri da jakar roba ta ruwan zafi.

Tambaya: Wani ya kira Mama ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta in ba ta karanto masa lambobin da suka shigo wayarta ba. Allah ya sa ta kira ni tukun.

Amsa: Mama ta yi daidai, ki yaba mata. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da ya turo ta saƙo. Ki koya mata amsa guda ɗaya: "Bari 'yata ta kira ka," sai ta kashe. In tana WhatsApp, ki kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu, mai lambobi shida. Ki tambayi bankinta lambar da ake dannawa a toshe asusu daga kowace waya, ki rubuta ki ajiye a wurinki. Kuɗi mai yawa kuma a mayar da shi asusun da ba a haɗa shi da layin da ke hannunta ba, a bar na cefane kawai a wanda take amfani da shi kullum.