Amsa ga mai tsohuwar Hilux da ke shirin taɓa iya-kilina da salansa

Ɗan'uwa, tun ban kai ƙarshen tambayarka ba gabana ya faɗi. Ka ce a-kori-kurarka Hilux ce ta farkon shekarun 1990, injin 22R mai kafireto, ta koma ba ta da kuzari a hawa da cikin yashi, kuma an ba ka shawara ka cire gidan iya-kilina, wato akwatin matatar iskar da inji ke sha, ka ɗora buɗaɗɗiyar matatar nan ta zamani, sannan a ja maka salansa mai faɗin inci 3 har baya ba tare da tukunyar da ke rage ƙara ba. Kana so ka san ƙarfin doki nawa za ka samu. Wallahi irin injina ne, kuma aikin da aka yi mini ke nan babu ragi babu ƙari. Don Allah ka dakata kafin kowa ya ɗauki zarto.

Ni abin da ya kai ni gareji ƙaramin abu ne. Manifol ɗin salansa, wato ƙarfen da ke tattaro hayaƙi daga inji zuwa salansa, ya tsage, da safe yana tas-tas-tas sai inji ya ɗumama ya yi shiru. Na bar wa wani mai gyara da aka yi ta yaba mini shi, na ce manifol kawai. Da na dawo sai na tarar wai ya ƙara mini alheri. Ya tuɓe gidan iya-kilina gaba ɗaya, ya ɗaura wata jar matata ta auduga mai mai a kan kafireto, ya yanke salansata tun daga wuya ya walda wani ƙaton bututu. Ya tada ta, ya taka totur har ƙasa, garejin ya ɗauka, yaransa suna ta shewa. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Yallaɓai, yau ta fara numfashi." Na ce ina gidan iya-kilinata da tsohuwar tukunya? Ya ce ai tarkace ne, masu gwangwan sun riga sun kwashe. Ko kunyar faɗa bai ji ba.

A kan kwalta ƙarar tana ruɗar mutum, sai ka rantse an ƙara mata silinda. Shiga daji ne ya tona asiri. Hawan da a da nake sa fowil da giyar ƙasa ta rarrafa da kanta, yanzu sai na riƙe rabin kuloci ina zuba mata wuta, warin kuloci yana shigowa har ciki. Na saki totur a gangara ta yi ta harbin fat-fat. Fulogogi suka fito fari fat, wato iska ta fi mai yawa, shi kuwa ko jet ɗin kafireto, ƙaramar ƙofar da ke auna man da ke shiga, bai taɓa ba. Duk wannan da sauƙi. Bayan 'yan watanni na bin hanyar ƙura ta fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi na biyo ni, na buɗe murfin zuba mai inji na aiki sai huci yake bugo mini fuska.

Ranar da ta kashe ni kuwa ba na fatan ko maƙiyina ya gan ta. Muna tsakiyar wani dogon hawa mai duwatsu, kaya cike a baya, ni da ƙanena, rana ta kusa faɗuwa, waya ba sabis. Ta fara tari, ta koma silinda uku, ta koma biyu, ta mutu. Birkin hannu ya ƙi riƙe nauyin, na ji tana zamewa baya a hankali, ga kwari a gefen dama. Na danne birki da ƙafa har cinyata tana rawa, ina yi wa yaron nan ihu ya sa dutse, shi kuma don ruɗewa yana ɗauko ƙananan da taya ke tsallakewa. Har yau in na tuna yadda ya tsuguna dab da tayar baya, motar tana matsowa kansa, sai jikina ya yi sanyi. Ni ne fa na ɗauko shi. Da ta tsaya na kwance fulogogi da fitilar waya a baki, duk sun jiƙe sharkaf da baƙin mai. Na goge na mayar, ta tashi, ta yi 'yan taku, ta sake mutuwa. A nan muka kwana a zaune, kowa ya yi shiru, kowane ɗan motsi sai na ji kamar dutsen ne ya goce.

Da wani dattijon makanike ya sauke tof, wato kan injin da ke rufe silindoji, bai ce komai ba, hannuna ya kama ya ɗora a bangon silinda. Farcena ya maƙale a wata gaɓa can sama inda ringi ke tsayawa, ƙasanta kuma ya yi sumul yana ƙyalli, zanen nan na gicciye da ke riƙe mai duk ya shafe. Ya sa yatsa a maƙogwaron kafireto ya fito da wani jan kwaɓi mai gurzar fata. Ya ce ƙura da mai in sun haɗu ba su da maraba da man da muke goge bawul da shi, kuma shi injinka ya yi ta sha. Na koma wurin wancan mutumin da fistan a hannu. Ka san me ya ce? Wai baƙin man da nake sa wa ne ba shi da kyau. Na nuna masa kwaɓin, ya ce to ban wanke matatar a kan kari ba, alhali bai taɓa ce mini ana wanke ta ba. Na ƙara matsa masa, ya ce ai mota ta tsufa, ko ba shi ba dama za ta buga. Yana maganar yana danna waya. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, a'a, ko "yi haƙuri" ɗaya ban samu ba, kuma ina tsaye a wurin yana tallata irin matatar ga wani bawan Allah. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna.

To, maganar ƙarfin doki. Injin nan lita 2.4 ne, ƙarfinsa na kamfani wajen doki 100 ne, kuma jansa ya fi ƙarfi a wajen juyi 2,800 a minti. Ba injin tsere ba ne. Matata da salansa, ko an yi su daidai, 'yan dawakai ƙalilan za su ba ka, su ma can a babban juyin inji inda ba ka zuwa in kana cikin yashi. Ka lissafa kuma: a juyi 3,000 in ka taka sosai, kusan lita 3,000 na iska yake zuƙa kowane minti. A bayan wata motar cikin ƙura, duk abin da matata ta bari ya wuce ciki zai kwana. Matatar takarda mai kyau ta fi ta auduga mai mai kama ƙura mai laushi, kuma ita buɗaɗɗiyar iskar cikin bonet mai zafi take sha. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin ɗari, ka ga garin neman gira an rasa ido.

Ka bar gidan iya-kilinarka na asali a wurinsa. Ka duba robar bakinsa, in ta bushe a canza, ka shafa ɗan giris a leɓen don ƙura ta maƙale a nan. Duk tiyo da kilif ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka bari yara su hura matatar da iskar kwamfiresa mai ƙarfi, tana huda takardar inda ido ba ya gani, ka bubbuga ta a hankali ko ka sa sabuwa. Duk sanda ka dawo daga daji ka shafa yatsa a cikin gidan ta ɓangaren da iska ta riga ta tacu. In ya fito da ƙura akwai inda take satar shiga.

Kai, na ma manta, taya nawa ka sa? Don na san halinmu masu irin motocin nan. In ka tashi daga mai tsayin inci 28 ka koma 33, ka zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na jan da ke isa ƙasa, kuma babu salansar da za ta dawo maka da shi. Da yawa daga cikin motocin nan da giyar aksil 4.10 suka zo, wato sandar da ke kai ƙarfi aksil tana juyawa sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Masu taya 31 sukan koma 4.56, masu 33 su koma 4.88, gaba da baya dole su zama iri ɗaya. Wannan ne aikin da za ka ji shi a bayanka tun daga giya ta ɗaya. Kafin shi ma a auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari, a saita bawul inji da zafi, milimita 0.20 na shiga, milimita 0.30 na fita, a duba taimin. In kana jin karkar na sarƙa a gaba lokacin tayarwa kada ka yi wasa da shi, robar da ke riƙe sarƙar taimin in ta karye sarƙar tana cin murfi har ruwa ya haɗu da mai. Sau da yawa motar da ake cewa ba ta numfashi saiti kawai take nema.

Salansa kuwa, inci 3 ya yi wa injin nan yawa nesa ba kusa ba. Hayaƙi in ya samu bututu daidai shi yana gudu da sauri, gudun nan ne ke janyo ragowar hayaƙin silinda ta gaba. In bututu ya yi faɗi sai hayaƙin ya yi sanyi ya yi nauyi, jan da take yi a ƙaramin juyi ya tafi. Ni yanzu inci 2 da kwata ne a tawa, da tukunya mai miƙaƙƙen ciki, ta dawo tana rarrafe kuma ina iya jin maganar wanda ke gefena. In za ka canza manifol ka nemi wanda bututu huɗu ke haɗuwa su zama biyu kafin su zama ɗaya, shi ya fi taimako a ƙaramin juyi da matsakaici. Ka tsaya a kan mai walda kada ya murƙushe kwana, don kwanar da ta lotse ta mayar da bututun ƙarami. A ɗaga shi sama da ƙarfen gicciye na shasi, a sa gaɓa mai lanƙwasa da robobin rataya, in ba haka ba murɗawar shasi a kan duwatsu manifol za ta tsaga. A nisanta shi da bututun mai da na birki. Notunan manifol a jiƙa su da man warware tsatsa tun daren jiya, tof ɗin alminiyom ne, in hannu mai gaggawa ya karya ɗaya a ciki ka shiga wani sabon babi. Kuma ko ɗan huci ka ji a ƙarƙashin kujera kada ka yi tafiya gilashi a rufe, iskar da ke kisa a hayaƙin ba ta da wari. Bayan an gama a sake duba jet da kalar fulogi, ruwan ƙasa-ƙasa ake nema.

'Yan'uwa masu dizal mai turbo, ku naku daban ne, faɗin bututu bayan turbo yana yi muku amfani. Amma duk wanda zai taɓa famfon mai ya fara sa agogon zafin hayaƙi, in yana zama sama da digiri 700 ya ɗaga ƙafa.

In ƙura da ruwa ne damuwarka, sinokil, wato bututun da ke ɗauko wa inji iska daga saman mota, ya fi waccan matatar hankali, musamman mai kai irin na kwano da ke wurgar da ƙura kafin ta isa matata. Ƙarfi dai ba ya ƙarawa, kada wani ya sayar maka da wannan labarin. In an ɗaura, inji na silo ka toshe bakin na ɗan lokaci kaɗan, ya kamata ya nemi mutuwa nan take. In ya ci gaba da aiki abinsa to akwai ɓula, kuma ta nan ruwa zai shiga. Ruwa ba ya matsuwa, kofi guda ya isa ya lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistan.

Ka turo mana lambar da ke jikin tayarka, da hoton fulogoginka huɗu a jere yadda ka ciro su, da sakamakon awon matsin in ka samu an yi. Kuma duk wanda zai taɓa motar, ka ce masa duk abin da ya kwance a zuba maka a baya ka tafi da kayanka.