Ga Ɗan Ƙanwata, Kan Tayin Magani

Ɗana, tambayarka ta ba ni dariya, daga baya kuma ta tsaya mini a rai. Ka ce tunda ana taya kowane kaya, me ya hana a taya magani, ga shi ka ji mutanen Amurka na tsallakawa Kanada su sayi insulin, maganin ciwon suga, da rahusa.

Tayi na wanda zai iya juya baya ya tafi ne. Kakanka yakan ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Mai ciwo likita ne ya zaɓa masa abin da zai saya, kamfanin da ya ƙirƙiro maganin kuma doka ta ba shi shekara 20 ba mai kwaikwayonsa. Kanada tun 1987 take da hukumar da ke taka wa farashin irin waɗannan magunguna burki.

Ina da sauran ƙuruciya, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, wata uwa ta zo da takardar ɗanta mai ƙanjamau. Maganin ba ma ajiye shi, wa zai saya? Na mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. Na yi mata lissafi a hankali. Ta kwance bakin zaninta, ta zuba abin da ke ciki a kan teburi, ta ce, "Ɗan nan, a rage mini." Ta ɗauka ni ne mai kayan. Na rasa bakin magana, sai ita ta dawo tana ba ni haƙuri.

Ba a daɗe ba, a farkon 2001, muka ji a rediyo kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara. A watan Afrilu kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kan dokarta ta sauƙaƙa farashin magani. Ashe ana tayin, sai dai gwamnatoci da masu saye da yawa ne ke da bakin yi.

Abin da ke damuna da ku yanzu, kuna ganin araha a intanet sai ku tura kuɗi, ba takardar likita, ba ku san inda aka ajiye maganin ba, alhali insulin zafi na lalata shi. Iyayenmu sun hana mu cinikin biri a sama.

Wai ma waye ke ciwon suga a gidan da ba a gaya mini ba? Ka kira ni yau.